Ƙugiya

Shekara arba'in nake bin ruwan Yawuri,
Na san makwancin giwan ruwa a gindin tsibiri,
Na san tarwaɗa ba ta da sauran haƙuri
In ta ga tsutsa na rawa a bakin ƙugiya.

Kifi ba wawa ba ne, kwaɗayi ne da tsoro,
Wani ka ja shi da dusa, wani da ƙwaro,
Haka na sha koya wa yara a taro,
Ina taƙama, ina yi wa kifi dariya.

Ran Laraba da la'asar ina ɗinkin koma,
Hayaƙin banda na tashi yana neman sama,
Sai aljihuna ya girgiza ta hannun dama,
Saƙo ne ya shigo cikin waya.

Wai za a rufe asusuna kafin magariba.
Dubu ɗari bakwai na injin jirgi, har da riba,
Damina uku ina tarawa, ban taɓa ba.
Gumi ya keto mini har wuya.

Ban gama karantawa ba sai ga kira,
Murya mai sanyi, Hausa tsaf ba gyara:
"Baba Arzika, ina gajiya? Ya yara?"
Ya faɗi sunana da na ubana, ɗaya bayan ɗaya.

Ya san unguwarmu, ya san reshen bankina,
Ya ce, "Kwantar da hankalinka, wannan aikina,
Lamba shida za su shigo, karanto mini, Babana,
Mu tsare maka abin da ka ba mu ajiya."

Luba ta sha faɗa mini a gida:
"Ko manaja ne, kar ka ba da lamba shida."
Na ji, na ajiye maganar a bayan randa,
Ranar amfaninta ban ko tuna da ɗiya.

Na karanto. Bakwai, biyu, sifili, tara,
Huɗu, huɗu. Ya ce madalla, ya ƙara
Da wasu shida, wai na Wasaf, kar a bar saura.
Na ba shi. Har na yi masa godiya.

Da safe na je wurin mai cirar kuɗi, ɗan Mani,
Ya danna, ya sake dannawa, ya ƙi duba ni,
"Naira ɗari da tamanin ta rage, ka gani."
Ƙafafuna suka ƙi ɗaukar tafiya.

Ba nan ta tsaya ba. Nomau ya zo da rana:
"Ya jikin Kulu? Na ga saƙonka, da ƙyar na kwana,
Na tura dubu hamsin daga kuɗin gona."
Ga Kulu a tsakar gida tana tankaɗe lafiya.

Ya nuna mini. Hotona ne, hular sallar bara,
Har da yadda nake gaisuwa in na fara,
Wani na yawo da fuskata yana bara,
Ya sa ni kamar riga ya shiga duniya.

Mutum goma sha ɗaya ya roƙa da bakina,
Huɗu suka ba shi don ganin girmana.
Na injin ya yi zafi, wannan ya fi ƙuna,
Gida gida na bi, ɗauke da kunya.

A banki suka ba ni kujera da takarda,
Wai za a bincika, in Allah ya yarda.
Wata ta ce, "Lambar fa, Baba, kai ka ba da?"
Na yi shiru, ta rubuta gaskiya.

Ɓarawo ne, Allah ya isa, ban yafe ba,
Amma bai fasa ƙofa, bai haura katanga ba.
Ƙugiya ba ta shiga bakin da bai buɗe ba,
Ni na faɗi haka shekarun baya.

Yanzu in aka kira ni da lambar baƙo,
Ko aka ce mini "danna nan" a saƙo,
Nakan tuna da tarwaɗa tun farko,
In kashe, in taka zuwa banki, na san hanya.

Jiya na koma ruwa da tsohon filafili,
Na ciro 'yar karfasa tana shure-shure a fili,
Na dube ta, ta dube ni. Babu dalili,
Na zare ƙarfen na sake ta. Ciwonmu ɗaya.