Ƙi-Rabo

Shekara arba'in ina rabon gado a Ƙofar Doka,
gona, gida, akuya, har tsohon keke,
ban taɓa naɗe tabarma
na bar wani abu bai rabu ba.

Sai ga jikata Suwaiba ran Asabar,
ta sauko daga motar Samaru, alli a yatsunta,
ta juya takardar kuɗin wuta, ta rubuta:
biliyan biyu, miliyan ɗari da arba'in da bakwai,
dubu ɗari huɗu da tamanin da uku,
ɗari shida da arba'in da bakwai.
Ta ce, Kaka, ga dukiya, raba daidai wa daida.

Na zaunar da magada biyu, ɗaya ta yi saura.
Na kira uku, ɗaya ta yi saura.
Biyar suka zo, biyu suka tsaya a bakin ƙofa.
Bakwai, tara, sha ɗaya,
ɗayar nan dai tana nan,
kamar baƙon da aka yi wa rakiya ya dawo.
Shayina ya huce. Aka kira La'asar.

Ta ce, ko ka kwana kana kira
har dubu arba'in da shida da ɗari uku da arba'in,
ba mai raba ta, kuma daga nan an rufe ƙofa.
Ko mutum guda ya kwashe ta duka,
ko kowa ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya tafi.

Na ce, 'yar wane gida ce?
Ta ce, ɗauki ƙwayar gero, ninka,
ninka abin da ka ninka, sau talatin da ɗaya,
sai ka jefa wa kaza guda.
Abin da ya rage, ita ce.
Na'ura kuwa ɗaya-ɗaya take jera ta,
kara talatin da ɗaya, darni ba ɓula.

A danginta akwai tagwaye,
irin sha ɗaya da sha uku, taki biyu tsakani.
Ita ba ta da abokin haihuwa:
taki biyu gaba, uku ta yanka,
taki biyu baya, biyar ta yanka.
Ba a kuma haɗa ta da murabba'i biyu,
don in huɗu ta taɓa ta, uku ke saura.

Na yi shiru.
Na tuna rijiyar gidan Malam Ɗalhatu,
da na sa aka ja katanga ta kanta
don lissafi ya cika a takarda.
Yau ba mai jan ruwa,
'ya'yansa ba sa gaisawa ko a makabarta.

Suwaiba ta koma kafin Magariba.
Takardar na ninke, na sa a cikin hula.
Gobe akwai rabo a Tudun Wada,
gida ɗaya, mangwaro ɗaya a tsakar gida,
magada shida.