Kiran Wa?

Saƙon ya iso bayan la'asar,
muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, nan Bagalam.
Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba,
ya ce matarsa ta sauka a Ailan. Namiji.
Uwar tana son a sa masa Kiran.

Cindo ya aje buta:
"Kiran wa? Kiran salla ko kiran alƙali?"
Tsahara ta ce sunan bai ƙarasa ba,
kamar maganar da kuɗin salula suka yanke.
Malam Ilu ya laluba ƙwaƙwalwarsa,
bai same shi a littafi ba.
Sai ya juya yana kallon ragon jaka tamanin
da ke cin harawa,
bai san gardamar da ke bisa wuyansa ba.

Da dare jikata ta bincika.
Wai a bakinsu ɗan baƙi ake nufi,
baƙi wuluk, ƙarami.
Na yi dariya har zanena ya kwance.
Ashe Duna ne!
Haka ake kiran mahaifina a bakin Gulbi,
mutumin da bai taɓa wuce Jibiya ba.

Ran Alhamis za a raɗa masa Abdulmumini,
su can su rubuta nasu a takarda.
Ni ba ruwana da ko ɗaya.
Ubana ne ya zagayo ta teku.
Babana zan ce masa
ran da ya zo,
in gwiwoyin nan sun jira shi.