Hasken da Aka Raba Biyu

Ƙanena Arzika ya dawo Zamare
da akwati biyu, ɗaya duk takardu ne,
da tabarau mai kaurin gindin kwalba.
Shekara talatin da ɗaya yana ƙirga haske.
Ni kuwa ina nan ina ƙirga kawuna,
mutum da akuya da buhun albasa,
daga wannan gaɓa zuwa Rofiya.

Na ce, Arzika, haske ai ba gero ba ne,
da wane mudu kake awonsa?
Ya ce, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, Yaya Nomau,
amma sai a ɗakin da ba shi da taga,
kan tebur mai nauyin kwalekwale uku,
wanda ko tari ka yi kusa da shi
aikin mako guda ya zube.

Wasiƙunsa, malamin firamare ke karanta mana.
Ya haye teku. Sanyi ya tsaga masa leɓe.
Shekara huɗu na'ura tana yi masa ƙarya,
ashe jirgin ƙasa ne ke girgiza ginin da asuba.
Ranar da ya gano, ya rubuto shafi shida.
Ranar da Inna ta cika,
yana tsakiyar gwajin da ba a katsewa.
Ya iso an riga an raba gumbar bakwai.
Damina biyu ban amsa gaisuwarsa ba.

Jiya ya shiga jirgina, ya zauna kan buhu.
Ya jefa tsakuwa biyu a kwantaccen ruwa.
Duba, in ji shi, inda tudun wannan
ya faɗa kwarin wancan,
ruwa ya yi lumui kamar ba a taɓa shi ba.
Haske ma haka ne.
Ka zuba haske kan haske, wani wurin ya yi duhu.
Na ce, wannan na san shi tun ban iya ɗaurin wando ba,
shi ka je ƙetare nema?
Ya yi dariya har tabarau ya zame.

Sannan ya rage murya.
Akan raba haske ɗaya da madubi, ya ce,
rabi ya bi gajeriyar hanya,
rabi a aike shi nesa.
In sun sake gamuwa suna tune da takun juna,
sai zane ya fito a bango,
layi-layi kamar saƙi.
In hanyar ta cika tsawo,
su haɗu kamar baƙi biyu a tasha,
bango ya yi fari fat, ba zane.
Ƙuruciyata kaf na ƙarar
ina auna inda mantuwar ke farawa.

Ban ce komai ba.
Na kalli idonsa na hagu, yana ta fara rufe shi,
mutumin da haske ya ci wa gashin kai.

Tsakiyar kogi inji ya yi tari ya mutu.
Na miƙa masa filafili.
Ya tsoma ina cirewa, na tsoma yana cirewa,
jirgi ya dinga juyi kamar kazar da aka yanka,
Kulu mai kifi tana salati tana zaginmu,
wai farfesa guda bai san damansa ba.
Hannunsa ya yi bororo nan take.
Bai ajiye ba.

Ban san a ina abin ya faru ba.
Mun dai wuce gungun nan mai tsamiya,
ruwa ya ja ja, balbelu na komawa,
sai na lura
na daina jin ƙarar filafili biyu.

Da muka taɓa gaɓa
na karɓi kuɗin fitonsa kamar na kowa,
na ce gobe ya zo da wuri.