Ƙafar Baya ta Dama

Ƙarƙashin gadar Ojuwelegba nake zama,
inda rana ba ta shigowa sai a kaikaice.
Benci ɗaya, guduma uku, da tsohon inji
da Baba Rasaki ya bar mini ran da idonsa ya gaza.
Motoci na bi ta bisa kaina
kamar tsawar da ba ta kawo ruwa.

Da hantsi Nomau ya iso,
mutumin Illela, direban wata mata a Ikoyi.
Ko sallama bai yi ba,
ya tsuguna gaban ƙafar baya ta dama
kamar wanda ya zo gaisuwar rashi.
Na duba. Dakalin titi ya lashi bakin rim,
ƙarzuwa ce taƙi guda,
ga lotsawa kaɗan inda siminti ya naushe shi.

"Ɗan acaba na kauce wa," in ji shi,
"ya goyo yaro da jakar makaranta.
Jirginta ƙarfe shida zai sauka.
Wata tara na yi ina bin aikin nan kafin in samu."

Ban tanka ba. Na sa jak.
Noti biyar suka kwanta a tafina da ɗuminsu.

Alminiyon ba ya son gaggawa.
Ka matsa masa ya tsage, ya bar ka da kunya.
Sai ka gasa shi kaɗan, ka lallaɓa,
ka sa katako tsakaninsa da guduma,
ka buga, ka saurara,
ka buga, ka juya,
har da'ira ta tuna yadda take.

Sai samfefa, mai kaushi tukun,
sannan mai laushi, da ruwa a gwangwanin madara.
Ƙurar azurfa ta hau gashin hannuna,
ta hau burodin Agege da na gutsura na manta.

Nan aka ɗauke wuta.
Na tura yaro wurin Iya Sikira mai wake,
ta ba da aron janareto,
ta ce mai dai namu ne, kuma kada a ja igiyar da hauka.

Ruwan azurfa ba iri ɗaya ba ne.
Akwai na kwanon sha, akwai na bayan kifi,
akwai na sararin Apapa in hayaƙi ya kwanta.
Sau uku na dama fenti,
ina gwada shi da 'yar'uwarta ta gaba,
kafin idona ya yarda.

Ina feshi hadari ya taso daga teku.
Danshi maƙiyin fenti ne.
Nomau ya yago kwalin taliya,
ya durƙusa yana yi wa rim fifita,
leɓensa na motsi, ban ji me yake karantawa ba.

Biyar saura kwata na ɗaure noti na ƙarshe.
Ya zagaya, ya sunkuya, ya nemi wurin ya rasa.
Ni na san inda yake.
Ido ya yafe, amma yatsa bai manta ba.

Ya biya rabi, saura sai wata ya mutu.

Ran Talatar da ta zagayo ta uku ya dawo a ƙafa,
da cikon kuɗi da lemo biyu a leda.
Na ce, "Ta gani?"
Ya ce, "Ko ƙasa ba ta duba ba.
Waya take yi tun daga Ikeja har ƙofar gida."
Muka yi dariya har Iya Sikira ta leƙo.

Ya ɓare lemo, ya miƙo mini rabi,
ya yi shiru, sannan ya ce,
"Jiya na ga yaron nan a mahaɗa.
Jakar ce dai, an ɗinke mata hannu."

Wata danfo ta tsaya tana ɗingishi.
Na goge hannu, na ɗauki sifana.