Rigar Aiki

Shekara talatin da huɗu na yi a ƙarƙashin manyan motoci,
a garejin bakin hanyar Garwa, nan Ngaundare.
Duk direban da zai sauka gangaren dutsen nan
da siminti ko shanu a bayansa,
sai ya tsaya wajena tukuna:
"Ɗantani, duba min burki."
In kwance taya, in zare ganga,
in sunkuya in hura da baki, fuu,
baƙin gari ya tashi ya sauka a girata.
Da shi a leɓe muke shan shayi.

Motar da na taɓa ba ta taɓa ƙwacewa a gangare ba.
Da wannan nake cika baki a majalisa.

Magariba in tuɓe rigar a tsakar gida,
Hansatu ta ɗauka.
Ba ta tsoma ta a ruwa haka nan, wai ɓarnar sabulu ce.
Sai ta kaɗe ta a jikin mangwaro,
sau uku, sau huɗu,
ta yi atishawa, ta gode wa Allah,
ta juye aljihu, ta tara min notuna a gwangwanin madara.

Bara da damina ta fara tsayawa a tsakiyar zance
kamar mai neman kalma.
Ba kalma take nema ba.
Guga ya yi mata nauyi,
ta daina kwanciya ta gefen dama.
Muka ce sanyin garin nan ne: citta, zuma, kanumfari.
Asibiti suka ce tarin fuka,
wata shida tana haɗiyar ƙwaya da asuba.
Sannan suka soka allura tsakanin haƙarƙari,
suka zuƙo ruwa kwalba biyu,
launin shayin da bai ji ganye ba.
Mako uku, ya sake taruwa.

Muka bi jirgin dare zuwa Yawunde.
Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ga fitila,
ya faɗi suna mai tsawo. Na ce ya maimaita.
Mesoteliyoma.
Sammani ya rubuta a bayan tikiti.
Kansa ce, in ji shi, ta tantanin da ya lulluɓe huhu,
asbestos ke kawo ta:
zare ne da ido ba ya gani,
ruwa ba ya narkar da shi, wuta ba ta cin sa,
shi ya sa aka zuba shi a burki.
Yakan shiga ya zauna shiru, shekara talatin, arba'in,
ba ya gaggawa.

"A wace masana'anta ta yi aiki?"
Na ce ba ta taɓa ba,
kunun gyaɗa take sayarwa a ƙofar gida.
Ya yi shiru. Ya dubi farcena.
"Kai fa, baba?"

Suka ɗauki hoton nawa ƙirjin.
Fes.

A hanyar dawowa, jirgi na jijjiga,
ta kama hannuna ta ce, a hankali, da hutu tsakani,
"Daina kallona
kamar wanda na biyo bashi.
Rigar ce ta ciyar da mu."

Yanzu ni ke wanke mata zane.
Ban iya matsewa ba, takan yi min dariya,
dariyar ta koma tari, in riƙe mata kofi.
Ranar Asabar nakan taka gareji
in ce wa yara su jiƙa gangar kafin su taɓa,
kada su hura, kada su kai rigar gida.
Sukan ce to, Baba. Ina juya baya ina jin fuu.

Tawa tana nan a ƙusa, bayan ƙofa.
Jiya na sauke ta, na ɗauko ashana,
sai na tuna abin da likita ya ce game da wuta.