Abin da Kaka Ta Ce wa Likita

Sanyin Jos bai gama sakin ƙashinmu ba
muka tari tasi daga Dadin Kowa zuwa Lamingo,
ni da Ngo Garos, uwar uwata,
kati a hannuna, ciwo a jikinta.

Likitar 'yar bautar ƙasa ce daga Kalaba,
Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo?" ba.
Kaka kuwa Hausar kasuwa gare ta,
ta cinikin dankali da kabeji a Farin Gada,
Hausar da ta san "albarka" da "kawo kuɗi",
amma ba ta taɓa leƙa ƙarƙashin haƙarƙari ba.
Sai duk suka dube ni.

Kaka ta dafe ƙirji, ta faɗi kalma guda da Birom,
gajera, kamar an tsinke zare da haƙori.
Na san na taɓa jin ta
ina 'yar mitsitsiya, bakin murhu, gwate na tafasa,
ranar da aka dawo daga binne Da Chollom.
Na bi ta a guje cikin kaina,
na tarar da ƙofa a rufe, kwaɗon ya yi tsatsa.

Na gwada Hausa a zuci: suka? ƙuna? nauyi?
Ba wadda ta zauna daidai,
sai ka ce murfin tukunyar maƙwabta.
Da Turanci na miƙa guntun da ya rage:
ƙirjinta ke ciwo.
Likita ta rubuta. Biro bai yi gardama ba.

To wa zan kai ƙara?
Malama Dashe ta aji uku, da ta rataya mini allon banakula,
ta ci ni tarar naira biyar
don na roƙi ruwa da harshen gidanmu?
Ko layinmu, da ya shayar da ni Hausa
har na fi 'ya'yan Alhaji Ɗanjummai iya baƙar magana?
Ko ni, mai amsa wa kaka da ka,
in ta yi dariya in yi, don kar a gano ni?

Suna uku gare ni.
Kangyang a bakin kaka, Laraba a unguwa,
na ukun na kan satifiket, shi ke karɓar albashi.
Da Hausa nake ƙirga kuɗi, da ita nake faɗa.
Sai na yi tuntuɓe Birom ke kuɓuce mini,
kamar ɓera daga rumbun da aka ce ba komai.
An ce mai harshe uku ya tara dukiya.
Ban musa ba. Ni dai 'yar haya ce a ɗaki uku,
ko'ina da tabarmata, ba inda na kafa ƙusa.

A hanyar komawa, wajen tsoffin ramukan kuza,
ruwa kore shar, kwance kamar bai taɓa cin kowa ba,
na ce, "Kaka, kalmar nan fa?"
Ta dube ni har tirela biyu suka wuce mu,
sannan ta ce da Hausarta mai ɗingishi:
"Ba na magani ba ne.
Shi ne mutum ya yi kira, gida cike, ba mai amsawa."

Ledar magani ta yi mini nauyi a cinya.
Fari biyu, ja ɗaya, sau uku a rana.

Da daddare na ce ta maimaita. Ta maimaita.
Na faɗa, ta yi dariya har da tari,
wai na ɗaga murya inda ake sauke ta.
Ɗana Dalyop ya ɗago daga waya,
ya tambaya da Turanci me ake wa dariya.
Kaka ta jawo kunnensa: zo nan, kai ma faɗi.
Ya faɗa. Nasa ya fi nawa karkacewa.
Ta ce sake.
Gwate ya huce a kwano, har ya yi fata.
Ta ce sake.