Farin Fenti

Mun jingine babur jikin tsamiya
a bakin gandun Lame, raɓa ba ta bushe ba.
Jatau ya dubi takalmana na kanti,
ya dubi dutsen, ya tsuke baki,
bai ce da ni kome ba.

"Ta yamma za mu hau, mu gangaro ta gabas.
Hanyar zobe ce, Kuluwa.
In mun wuce kwazazzabon rema
komawa ta fi ci gaba nisa,
kar ki ce ban faɗa ba."

Shekara ashirin da uku Baba na gadin dajin nan.
Shi ya sare hanyar da adda,
gwangwanin fenti rataye a wuya,
duk taku ɗari ya shafa wa itace fari
don kar baƙo ya ɓata.
Ni kuwa ina makaranta a Bauci
ina kunyar wandonsa mai ƙarangiya.
Sau nawa ya ce in zo in gani?
Ban zo ba.

Hawan farko ya karɓe mini magana.
Na biyu ya karɓi gwiwa.
Tsakuwa na zamewa, ina kama saiwar marke,
ƙudan tsando ya sami wuyana ya yi kalaci.
Gwaggon biri a kan falalen dutse
ya sa haɓa a hannu yana kallona
kamar mai bin bashin da ba a biya ba.

Ga shi nan, jikin ƙirya,
daidai kafaɗar mutum marar tsawo.
Na zaci itace in ya girma
yakan tafi da tabonsa sama.
Jatau ya ce a'a, faɗi yake yi,
yana nan inda hannu ya ajiye shi.
Na ɗora tafina a kai.
Ya fi tafina faɗi yanzu,
ya tsattsage, bai goge ba.

Na ƙirga arba'in da ɗaya.
A na arba'in da biyu sai kututture,
da baƙin da'irar masu gawayi,
ƙasar da ɗumi, tokar ba ta huce ba.
Nan muka ɓata.
Mun yi ta kutsa ƙaya muna dawowa gun tokar,
Jatau na tsaki, ruwan gorana ya kai rabi,
har ya hango fari can jikin wani maje
da gatari bai kai gare shi ba.

A ƙololuwa na sa ran kuka zai zo.
Iska ce ta zo, da yunwa.
Muka raba ƙuli-ƙuli da ɗanwaken da ya sandare.
Shaho na shawagi a ƙasa da mu,
gonakin dawa kamar facin riga.
Sai wayata ta farka a jaka:
daga ofis ne, wai ina makullin kabad?
Ban ɗauka ba.

Wanda ya ce gangara hutu ce
bai sauko ta gabas ba.
Cinya na rawa, farcen babban yatsa ya yi baƙi,
na zauna na ja gindi kamar mai koyon rarrafe.
Jatau ya juya baya, wai yana duban hadari,
kafaɗunsa kaɗai ke dariya.

La'asar sakaliya, ga tsamiya, ga babur,
tururuwa ta hau sirdin ta yi gari.
Inda muka tashi nan muka dawo,
takalmi ɗaya ya buɗe baki.
Na tambayi Jatau nawa ake sai da gwangwanin fari.
Ya ce, "Fenti ba wuya.
Mai ɗaukar sa zuwa sama ake nema."
Ya taka babur sau uku.
Bai tashi ba.